Yadda Na Ƙara Wa Akwatin Wasana Faɗi

'Yan'uwana ɗalibai, da ku malamanmu, na roƙi Edita ya ba ni ɗan fili a cikin wannan mujalla tamu domin in ba ku labarin wani allon katako. Na san wani zai ce, ina ruwan mai koyon aikin malanta da katako? To, ku yi haƙuri ku bi ni har ƙarshe, gama a kan wannan allo ne na hori yaron da bai yi laifi ba, ban kuwa gane ba sai da wani tsoho ya ɗora mini rula a kafaɗa.

Bari in fara da bayyana abin da na ke nufi da akwatin wasa, saboda waɗanda ba su taɓa ganinsa ba. Wani dogon akwati ne a tsaye kamar kabad, tsawonsa ya kai na mutum. A samansa akwai gilashi irin na talabijin, a ƙarƙashin gilashin kuma akwai allo a shimfiɗe, mai ɗauke da 'yar sanda da maɓallai. Mai wasa sai ya tsaya a gaba, ya kama sandar da hannun hagu yana juya ɗan mutumin da ke cikin gilashi, hannun dama kuwa yana danna maɓallai, ɗan mutumin ya yi tsalle ko ya kai naushi. Wannan allo shi ne wurin da hannun mutum ke gamuwa da na'ura, kuma a kansa duk labarina ya ke.

Asalin irin wannan akwati daga Amurka ne. Wanda ya fara yin suna shi ne Pong, na kamfanin Atari, a shekarar 1972. Wanda ya haɗa shi, Allan Alcorn, ya ba da labari cewa da suka ajiye na gwaji a wata mashaya a garin Sunnyvale, ba a daɗe ba aka kira shi wai ya lalace, da ya buɗe sai ya tarar kuɗin da mutane suka zuba ne suka cika mazubin har suka toshe. Allon Pong ba shi da kome sai abin murɗawa guda biyu, kowa nasa. A 1980 kamfanin Namco na ƙasar Japan ya fito da Pac-Man, mai sanda guda ɗaya tak, babu maɓallin harbi ko na tsalle, in mutum biyu za su yi sai wannan ya yi ya ba wancan. Amma a 1991, da kamfanin Capcom ya fito da Street Fighter II, sai ga mutum biyu tsaye kafaɗa da kafaɗa, kowa da sandarsa da maɓallai 6, uku na naushi uku na shuri. Kun ga ke nan faɗin allo ba don ado ba ne. Yawan hannuwan da za su hau kansa shi ke yanka masa faɗi. Duk wannan na karanta shi kafin in ɗauki zarto, amma karatun bai hana ni kuskure ba.

A dogon hutun shekarar 2024 na ƙera nawa, domin in nuna shi a matsayin aikin hannuna na kwaleji. Tun ina makarantar mishan aka koya mana riƙon zarto da guduma, saboda haka na ɗauka katako ba zai gagare ni ba. Ƙwaƙwalwar akwatin wata 'yar kwamfuta ce mai suna Raspberry Pi, girmanta bai wuce tafin hannu ba, wadda aka fara sayarwa a Ingila a 2012 musamman don yara su koyi aikin kwamfuta. A cikinta na sa wata manhaja da a ke kira MAME, wadda wani mutumin Italiya, Nicola Salmoria, ya fara a 1997 don kada tsofaffin wasanni su ɓace bayan akwatunansu sun ruɓe. Gilashi kuwa na wata tsohuwar kwamfuta ne da na samu a araha, sanduna da maɓallai wani ɗan'uwana da ke Ikko ya saya ya aiko mini.

Da na zo yanka katako, sai na duba na ga fallen filawud faɗinsa ƙafa 4 ne, tsawonsa ƙafa 8. In na raba faɗin biyu, kowane ya zama kamar inci 24, ba abin da zai tafi a banza. Wannan shi ne dukan dalilin da ya sa akwatina ya zama inci 24, allonsa ma haka. Na cusa sanduna biyu da maɓallai 12 a kai, tsakanin sanda da sanda inci 11. Da na gama sai na gwada. Na tsaya a hagu na yi wasa, daidai. Na koma dama na yi wasa, daidai. Na ce madalla, aiki ya yi kyau. Ko kusa bai zo mini a rai ba cewa ni kaɗai ne a ɗakin.

Da aka tura mu koyarwar gwaji, sai aka ba ni aji huɗu a wata makarantar firamare, yara sun fi 50. Na roƙi Hedimasta ya yarda in kawo akwatin, ya zama ladan waɗanda suka gama lissafinsu na mako. Da fari ya ƙi, ya ce abin ya yi masa kama da caca. Na ce, "Ranka ya daɗe, ko kwabo ba a sa masa, kuma ran Jumma'a kaɗai za a kunna, bayan an tashi." Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "To, Malam, amma ranar da na ji kuka, ranar zai bar makarantar nan."

Makon farko lafiya lau, har yara suka sa wa sandar suna giya, don ta yi kama da ta mota. Waɗanda ba su taɓa gama lissafi ba suka fara gamawa, ni kuwa kaina ya fara girma. A mako na biyu sai ga kuka. Wani yaro, wanda ya fi kowa girma a ajin, yana tsaye a hagu yana danna maɓallai, gwiwar hannunsa ta dama ta sami bakin ƙaramin da ke kusa da shi, leɓe ya fashe, jini ya zuba a riga. Na tuna da maganar Hedimasta, tsoro ya kama ni, tsoron kuwa ya koma fushi. Na ce babban ya share filin makaranta mako guda, kuma kada ya ƙara taɓa akwatin. Ya ce, "Malam, ba da gangan na yi ba, wurin ne babu." Na ce ya rufe mini baki. Ya rufe, tun daga ranar kuwa bai ƙara ɗaga hannu a aji ba, ko tambayar da na san ya sani.

Jumma'a ta kewayo, na zaɓi 'yan mata biyu masu hankali, aminan juna, waɗanda ba a taɓa jin kansu ba. Ba su yi minti 5 ba wannan ta ce an ture ta, waccan ta ce an danne mata hannu, sai cacar baki. Hedimasta ya leƙo, ya kira ni ofis. Ya ce, "Malam, na yi maka kawaici sau ɗaya. Na ba ka mako biyu. In ba ka gyara ba, ka nemi amalanke, kuma sai na rubuta a takardar da zan aika wa kwalejinku cewa ba ka iya riƙon yara ba." Ku da kuka yi koyarwar gwaji kun san nauyin wannan takarda.

Na gane dai allon ya yi kaɗan, amma ban tsaya na tambayi kowa ba. Na kwashe sauran kuɗin guzurina na sayo katako, na ƙiyasta da ka na ce inci 30 ya isa, na ari injin huda na hau aiki da dare. Maɓallaina irin na Amurka ne masu dogon wuya, kowane yana son rami mai faɗin milimita 28, ana ɗaure shi daga ƙasa da noti na roba. Na jera ramukan kusa da kusa don yatsu su ji daɗi, na manta notin ya fi ramin faɗi. Da na zo ɗaurewa sai noti ya hau kan noti, ko biyu ba su zauna ba. Ga shi kuma na huda daga fuska ɗaya har na ɓulle, bayan katakon duk ya tsattsage. Hausawa sun yi gaskiya da suka ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Katako ya tafi, kwana huɗu sun tafi.

Ran Lahadi bayan sujada na tsaya na gai da wani tsohon kafinta, wanda shi ya yi dukan bencin da mu ke zama a kai a coci. Na gaya masa damuwata, ya ce in zo da safe. Da na kai masa ɓataccen katakon, ya juya shi gaba da baya, bai ce kome a kan ramukan ba. Sai ya ce, "Ɗana, mutum nawa za su tsaya a nan?" Na ce, "Biyu, Baba." Ya ce, "Da ka ke aunawa, mutum nawa suka tsaya?" Na yi shiru. Ya ɗauko rularsa ya ɗora mini daga kafaɗa zuwa kafaɗa, ya ce, "Mu masu yin benci, inci 18 mu ke ba kowane mutum, wanda zai zauna shiru ya naɗe hannu ke nan. Kai ka ba mutum biyu inci 24, ka ce su yi dambe a ciki, sa'an nan ka yi mamaki don an fasa baki?"

Ya ce ba zai taɓa katako ba sai na kawo kwali da alli da yara biyu, kuma lalle ɗayan ya zama wanda ya yi faɗan, tun da shi ne babba. Kai, wannan ya yi mini nauyi. Amma ba yadda zan yi, na nemi izinin Hedimasta da na iyayensu, na zo da su da yamma. Baba ya shimfiɗa kwalin a bisa tebur, ya tsai da su gefe da gefe, ya ce su rufe ido su yi ta motsa hannu kamar suna wasa. Yana ta matsar da su kaɗan kaɗan har gwiwar hannun wannan ta daina taɓa wancan, sai ya ja layi. Muka auna, tsakanin hannun hagun wannan da hannun hagun wancan inci 18, allon duka kuwa ya kama inci 36. Sa'an nan ya shafa musu alli a kan yatsu, ya ce su ɗora hannun dama yadda ya ga dama ya sauka. Da suka ɗaga sai muka ga alamun ba su miƙe a layi ba, sun yi ɗan baka, don yatsan tsakiya ya fi sauran tsawo. A kan wannan baka muka jera maɓallai, uku a sama uku a ƙasa, daga tsakiyar rami zuwa tsakiyar na kusa da shi inci ɗaya da rabi, yadda noti zai sami wurin juyawa. Zurfin allon kuma muka ɗaga shi daga inci 8 zuwa 12, domin a bar inci 4 a gaba inda wuyan hannu zai huta.

Ina murna za a fara yanka, sai Baba ya ce, "Ta ina zai shiga ɗaki?" Af, ban yi wannan tunani ba. Na ruga makaranta na auna ƙofar ɗakin ajiya inda akwatin ke kwana, inci 30. Watau da na kafe sabon allon da ƙusa, da akwatin ya kwana a waje, ko kuwa in an haɗa shi a ciki ya zama ɗan kurkuku har abada. Saboda haka muka yi allon ya zama ɗan akwati mai zaman kansa, mai murfi da hinji, wanda a ke ɗora shi a kan babban a ɗaure da noti huɗu masu kunne, irin waɗanda a ke murɗawa da hannu. In za a shiga ƙofa sai a kwance, a zare kebul, mutum ɗaya ya ɗauki allo, biyu su ɗauki akwati.

Faɗin nan ya zo da nasa matsaloli. Tun da akwatin inci 24 ne, allon ya yi fiffike inci 6 ta kowane gefe, yaro kuwa ba ya ganin abin dogarawa ya ƙyale. Baba ya sa masa madogari biyu na katako daga ƙasa. Da muka ɗora, ya danna gaban allon da hannu biyu, sai ga bayan akwatin ya ɗaga daga ƙasa. Ya dube ni, na dube shi. Muka sa bulo biyu a cikin gindin akwatin ta baya, muka kange su da katako, ya sake dannawa, ko motsi. Kusurwoyin allon kuma ya zagaye su da zarto ya goge da samfefa, gama sun yi daidai da goshin 'yan aji ɗaya masu wucewa da gudu. Daga ragowar katakon da na ɓata ya yi ɗan matashi na takawa saboda gajeru. Wajen huda ramuka ya nuna mini dabara: a huda har tsinin ya ɗan leƙo ta baya, sai a tsaya, a juya katakon a ƙarasa daga can. Ko rami ɗaya bai tsage ba.

Aikin waya nawa ne, Baba ya ce shi ba ruwansa da abin da ba a gani. Kowane mai wasa yana da makunnai 11, huɗu a ƙarƙashin sanda, shida na maɓallai, ɗaya na farawa, jimla 22. Kowane makunni yana da wayarsa da ke tafiya zuwa wani ɗan faifan lantarki mai kai saƙo ga kwamfuta, akwai kuma waya guda ta tarayya da ke bin su ɗaya bayan ɗaya. Da allo ya faɗaɗa sai tsofaffin wayoyin suka kasa kaiwa, na zauna dare biyu ina ƙara musu tsawo da dalma. Da na kunna, na tura sanda sama, ɗan mutumin ya durƙusa. Na ja ta ƙasa, ya yi tsalle. Na yi ta dubawa har na gane: sandar tana juyawa ne a kan wani gindi a tsakiyarta, in ka tura kanta gaba, wutsiyarta da ke ƙarƙashin allo baya ta ke zuwa, ta danna makunnin baya. Ni kuwa na haɗa na gaba a matsayin gaba. Na sauya su, na manna wa kowace waya 'yar takarda da sunanta, don wanda zai gyara bayana kada ya sha irin wuyar da na sha.

Ran Jumma'ar da wa'adi ya cika, Hedimasta da kansa ya zo ya tsaya. Yara suka yi wasa biyu biyu har aka gama, akwai ihu, akwai dariya, amma ba wanda ya taɓa wani. Bai ce mini kome ba, sai da zai fita ya shafa kusurwar allon da hannu, ya ce, "Wa ya zagaye wannan?" Na gaya masa. Ya ce, "Ka gaishe shi."

Saura abu guda, shi ne ya fi duk aikin katakon wuya. Ran Litinin na tsaya a gaban aji na kira babban yaron nan, na ce a gaban kowa na hore shi, a gaban kowa kuma zan faɗa cewa laifin ba nasa ba ne, na wanda ya yanka allon ne, ya yafe mini. Ajin ya yi tsit, gama ba su saba jin haka daga bakin malami ba. Yaron ya sunkuyar da kai ya ce, "Ba kome, Malam." Ba zan ce muku nan take ya saki jiki da ni ba. Sai da aka yi kusan mako biyu kafin in ga hannunsa a sama.

A ranar da na ba shi haƙuri, rular tana cikin aljihuna, sai na ce bari in auna teburin da ya ke zama. Inci 42, an yi shi don yara biyu, su kuwa huɗu ne a kai. Shi da ya ke babba, shi a ke turawa baki, rabin littafinsa a kan tebur rabi a iska. Na buɗe littafin na ga inda na rubuta masa da jan biro har sau uku cewa rubutunsa ƙazami ne. Ashe tun kafin akwati ya zo na ke horonsa a kan rashin wuri. Ba ni da ikon sayen tebura, amma na sami tabarmi biyu, in lokacin rubutu ya yi sai na uku da na huɗu su sauka su ɗora littafi a kan benci, kowane mako a sauya. Rubutun da yawa daga cikinsu ya gyaru ba tare da na ƙara koya musu ko harafi ɗaya ba.

Da wa'adin koyarwata ya ƙare na bar akwatin a makarantar, na nuna wa yaron nan yadda a ke kwance notin huɗu da yadda a ke ɗaure su, shi ne mai kula da shi. Hedimasta ya aika da takardarsa, ban ga abin da ya rubuta ba, amma na ci.

To, 'yan'uwana da za ku fita koyarwar gwaji bana, ga 'yar shawarata. In za ku yi wa yara wani abu, ko na katako ne ko na darasi, kada ku gwada shi ku kaɗai a ɗaki ku ce ya yi. Ku yi shi da kwali tukuna, ku kira waɗanda za su yi amfani da shi su ɗora hannu. Ku auna ƙofa kafin ku buga ƙusa. In kuwa yaro ya ce muku wuri ne babu, ku je ku duba kafin ku ba shi tsintsiya. Rula ba ta da tsada, tana kuwa shiga aljihu. Allah ya ba mu haƙuri da yaran da aka danƙa mana, amin.